Layi na Biyar

Sha biyu suka sa hannu a kwantaragi,
biyar kaɗai ke shiga fili in an busa usur.
Biro na hannuna, don haka laifin ma nawa ne.

Wuta ta ɗauke a Sabon Gari tun isha'i.
Na jingina tocila da gwangwanin madara,
na juya bayan takardar kuɗin ruwa,
na ja layi biyar.

Na farko ba ya son shawara:
Mutari ɗan Garin Malam, gajere kamar turmi,
ƙwallo na bin tafinsa kamar akuyar da ta san mai dusa.
Ta ƙeya yake ganin mutum.
Shi zai raba.

Na biyu Kyari, da muka ɗauko daga Gure,
mai sunkuyawa a ƙofar masallaci.
Takalminsa sai da aka aika Kano aka nemo.
Ba ya magana. In ya tsaya ƙarƙashin kwando
dutsen Birni ne: ka kewaye, ko ka koma gida.

Sallau bahago na uku.
Ranar da hannunsa ya tashi da ƙafar dama
raga kaɗai ke amsa masa sallama.
Ranar da ba tasa ba
sai ya jefa goma, ƙarfe ya yi ta kuka.
Na yi bisimilla, na rubuta shi.

Ilu na huɗu, don bai san gajiya ba.
Yaron da ya girma yana tura jarka takwas
daga famfo zuwa Kara-Kara kafin lakwal,
ya manne wa mutum kamar ƙarangiya a ƙafar wando.

Saura layi ɗaya.
Nan shayi ya huce.

Alhaji mai kulob ya aiko da goro da saƙo,
wai ɗan ƙanwarsa Zabairu ya ƙaru bana.
Ya ƙaru kam, har riga ta shaida.
Wannan mai sauƙi ne:
fushin Alhaji kwana uku,
sai albashi ya makara mako biyu, mun saba.

Mai wuyar Barma ne.
Shekara sha ɗaya yana kyaftin.
Shekarar da muka rasa kuɗin mota zuwa Yamai
shi ya sayar da babur ɗinsa, bai gaya wa kowa ba.
Ranar jana'izar mahaifina
kafaɗarsa ce a gaban makara.
Amma na ga gwiwarsa ran Laraba:
ya nemi sama, ƙasa ta riƙe masa ƙafa,
ya sauko yana dariya don kada a gani.
Na gani.

Ga kuma Tanimun, shekara sha tara,
ɗan mai facin taya a bakin Kasuwar Dole,
da ya wuce Barma sau uku a jere
sannan ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri, Yaya."

Na rubuta B. Na tsaya.
Na danne ta na mai da ita T,
har biro ya huda takarda.

Da asuba na iske Barma a fili shi kaɗai
yana share ruwan daren jiya daga kan suminti.
Ya dubi aljihuna, bai dubi fuskata ba.
"Koci, kada ka karanta.
Yaron na tsoron hagunsa, ajiye shi ta dama.
Ni zan zauna kusa da kai.
In wasa ya yi tsami, ina da minti bakwai.
Bakwai fa, kada ka nemi takwas."

Ya ajiye tsintsiya, ya ɗaure gwiwa da ƙyalle,
ya ƙwala wa Tanimun kira tun daga bakin ƙofa:
"Zo nan, kai. Ba a ba abokin karawa haƙuri.
Zo in nuna maka inda ake aza ƙafa."