Ƙyastar Farce

Ƙarfe biyun dare, ɗakin mata,
Sista Tasalla ta ɗaga sirinji saitin fitila,
ta ƙyasta da farce, tas, tas.
Ƙwayar iska ta hau wuya, ta tura ta waje.

Na ce, Sista, wannan 'yar mitsitsiyar?
Ta ce, ita kaɗai ba ta kisa,
amma hannun da ya saba raina ƙarama
shi ke barin babba ta wuce.

Bawale mai facin Ƙofar Marusa,
zazzaɓi ne kawai.
Mai kemis ya zo har soro,
ya rataya ledar ruwa a ƙusa,
bai jira ruwa ya kori iskar roba ba.
Leda ta ƙare, ya matse ta da hannu biyu
don kada kuɗi su tafi a banza.

Kin san famfon unguwa in ruwa ya daɗe bai zo ba,
yadda yake tari, yana shaƙewa?
Haka ƙirjin Bawale.
Zuciya na burga kumfa kamar maburgi a ƙwarya,
jini bai kai huhu ba.
Leɓe ya dushe.
Babu wanda ya san a danne roba,
a kwantar da shi gefen hagu, kai ƙasa,
a nemo mota.
Turare suka kunna.

Ta miƙo min sirinji na gaba.
Iska baƙuwar kirki ce, in ji ta,
muddin ta hanci ta yi sallama.
Ɗaga sama. Duba kuma.