Taku Tara a Ɗa'ifa

Da sanyin Ɗa'ifa ya fara sassautawa,
gajimare ya daina kwana a kan dutse,
masu tsinkar wardi suna fita tun asuba da kwanduna,
ni ma na ɗauko fartanya.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa alhazai,
ban taɓa shuka ko albasa ba.

Bayan gidan taku tara ne, na auna.
Ƙasar duk tsakuwa, kamar shinkafar da ba a tsince ba.
Kwana shida ina durƙushe a kanta.
Na sayo takin tumaki buhu biyu,
Barira tana leƙowa ta taga:
"Tsufa ya zo maka da sabon salo."
Amma ita ce ta buɗe akwati
ta ɗauko ƙullin tsumma mai ƙamshin turaren wuta,
irin yakuwa da na kuɓewa
da ƙanwarta ta aiko daga Gumel a hannun wata hajiya.
Tumatir a nan na saye shi, ɗan gari ne.

Ruwa a nan da kuɗi yake zuwa, a mota.
Sai na koma yin alwala a bakin kunya,
sau biyar a rana,
abin da ya zubo daga gwiwar hannuna
shi yakuwa take sha.

Rana ta biyar, kore ya leƙo.
Na kira Barira ta gani, ta ce sai ta sauke tukunya.
Ta fito da ludayi a hannu.

Kuliyoyi ne suka fara, suka mai da kunyata bayan gida.
Na shimfiɗa musu ƙaya.
Tantabarun maƙwabcina Abu Mish'al suka biyo,
na rataya tsofaffin faya-fayai suna walƙiya a iska,
na tsayar da mutum-mutumi sanye da rigar aikina.

Sai ranar da tumatir ya fara ja.
Na dawo daga masallaci, gari bai gama wayewa ba,
na tarar da shi zaune a kan katanga,
gwaggon biri, furfura har kafaɗa,
iyalinsa a ƙasa suna aiki.
Kowane tumatir cizo ɗaya, a yar.
Wani ƙarami yana lalube aljihun rigata.
Na buga gwangwani, na yi ihu da harshe biyu.
Ya dube ni daga sama har ƙasa
kamar mai duba takardu a shingen hanya,
ya sosa ciki, sannan ya tafi, ba gaggawa.

Ban ci abincin rana ba.

Jikana Hafizu ya zo da ragar waya da ƙusa,
muka yi wa lambu ɗaki, har da rufi,
har da kwaɗo da makulli.
Barira ta ce, "To madalla,
kuɓewa a kurkuku, ɓarawo yana yawo."
Mun sha miyar yakuwa a watan da ya biyo.
Ta ɗanɗana, ta yi shiru,
ta daɗe tana kallon bango, wajen yamma.

Bayan ruwan sama guda biyu
na hau dutsen bayan unguwa, ina neman iska.
Can a tsagin dutse, inda suke kwana,
inda kashinsu ya bushe ya zama gari,
ga tumatir tsaye, guda uku,
ganye ya fi nawa duhu,
ba taki na saye, ba raga, ba makulli.

Tsohon yana zaune daga nesa, yana kallona.
Akwai ɗaya da ya nuna.
Na miƙa hannu,
sai na ji ya yi gyaran murya.