Fitilu Huɗu

Daga Jidda Sha'aibu ya aiko shi,
cikin safa biyu, naɗe da tsohon rawani.
Ya ce, "Ilu, wannan babba ne, ba ya saurin gajiya,
sai dai kar ka bar shi a rana, ba sa shiri da zafi."
Na ɗaga, na ji nauyin rabin tubali.
Na danna ɗan maɓalli, fitilu huɗu suka buɗe ido,
kore shar, kamar tsiron dawa bayan ruwan fari.

A nan Sinnar wuta baƙuwa ce,
in ta zo ba ta zama har a kawo mata ruwa.
Shi ya sa da sassafe nake ƙofar kemis ɗin Mudassir,
mai faifan sola biyu a kan rufi.
Batirina na bin layi da wayoyin jama'a,
zakara a tsakiyar 'yan tsaki.
Yana sha a hankali, ina kurɓar gahawa,
ba mai yi wa wani gaggawa.

Mutane sun dawo gidajensu, sun tarar da bango,
ƙyaure ya yi ƙafa.
Wani ya rataya tabarma, wani buhun sukari,
iska na shiga ba sallama,
akuyar maƙwabta na leƙa tukunya.
To, ni ne mai mayar wa gida leɓensa.

Na ƙirga, ba ji na yi ba:
cikinsa ɗaya, ƙyaure tara.
In katakon bagaruwa ne, mai taurin kai, bakwai.
Ba igiya a ƙafata, ba janareto mai tari,
na maƙala shi a gindin injin huda, ƙas,
sai ƙusa ta nutse tana juyi
kamar ta tuna hanyar gida.

Na taɓa sayen wani a kasuwa, mai araha,
an rubuta masa babbar lamba a goshi.
Ƙyaure biyu ya suma.
Na kwance cikinsa: rabi batir, rabi yashi.
Yashi! A ƙasar nan!
Kuma da kuɗina na saya.

Ran Laraba, rana ta yi gora,
Hajja Kaltume ta tare ni a lungu da sandarta.
"Ɗan nan, wata huɗu ina barci da ido ɗaya."
Na duba, fitila ɗaya ta rage, ita ma tana ƙifta ido.
Na ce gobe. Ba ta ce komai ba,
ta dai tsaya.
Tsayuwar nan ta fi magana nauyi.

Hinji na sama ya zauna.
Na tsakiya ya zauna.
A na ƙasa muryar injin ta fara ja,
kamar mai karatun dare da barci ya kama,
ƙusar ƙarshe ta shiga rabi, shiru.
Na danna, na girgiza, na roƙa.
Ya ba da duk abin da aka ba shi, bai ɓoye ko kaɗan ba,
me zan ce masa?

A ƙasan jaka akwai sukundireban Baba,
ƙotarsa ta yi santsi da gumin shekara arba'in.
Na durƙusa. Na murɗa.
Tafin hannuna ya tuna abin da ya manta.

Hajja ta shiga, ta rufe.
Ta buɗe. Ta sake rufewa.
Sau uku, don kawai ta ji ƙarar sakata.
Ta miƙo mini dabino biyar ta taga,
ta ce ƙofar ba za ta buɗu ba sai da safe.

Na kai shi gida, na ajiye gefen randa ya huce.
Ni ma na zauna, bayana a bango,
babu ko fitila ɗaya a jikina.
Gobe Mudassir zai buɗe da bakwai.
Akwai gida goma sha ɗaya a bayan masallaci.