Waƙafin Ignacia

Ƙarfe huɗu na yamma a Valdivia,
ruwa bai ɗauke ba tun ranar Lahadi.
Suna shigowa ɗai-ɗai daga ɗakin fiɗa,
laima na ɗiga, hannuwa na warin maganin gawa,
su zauna gaban kwamfuta kamar masu jiran alƙali.

Ni ba likita ba ne.
Ko a yatsa na ga jini, sai jiri.
Abin da na iya shi ne magana da na'ura,
wadda ba ta san kara ba, ba ta san kawaici ba.
Abin da bakinka ya faɗa take yi,
ba abin da ke ranka ba.

Ran farko na ce: a nan daga sifiri ake fara ƙirga.
Baltasar Huenchul ya ɗaga hannu.
"Malam, ashe mai gadon farko sifiri ne?"
Aji ya kwashe da dariya, ban da shi.
Daga baya na ji kakarsa ce a gadon farko,
hawa na uku, can ƙetaren kogi.

Mako na shida na ba su aiki:
a rubuta abin da zai karɓi nauyin jariri
ya faɗi awon maganinsa.
Layi goma sha biyu ya isa.
Ignacia ta riga kowa,
ita da ta haddace ƙasusuwan wuyan hannu
kamar sunayen ƙannenta.
Ta buga nauyi: biyu, waƙafi, biyar,
yadda aka koya mata tun firamare,
yadda mai kifi ke rubutawa a kasuwar bakin ruwa.
Na'urar kuwa ɗigo ta sani.
Wani layi da ta aro wurin ƙawarta
ya haɗiye waƙafin, ko tari bai yi ba.
Jaririn kilo biyu da rabi
ya tashi ashirin da biyar,
magani ya ninka goma.
Babu jan rubutu, babu ƙararrawa.
Amsa ta fito tsaf, sumul, kamar gaskiya.

Ta daɗe tana kallon lambar.
"Da na kashe shi," in ji ta.
Na ce, babu jariri, Ignacia, gwaji ne.
Ta ce, "A wurinka."

Ban tashi ajin ba, ba wanda ya nemi tashi.
Suka kewaye allonta kamar gadon majinyaci:
yaushe ya fara? Ina ne ke ciwo?
Me aka ba shi kafin ya shiga wannan hali?
Baltasar ne ya ɗora yatsa a kan layin.

Washegari sha biyun ya zama arba'in da ɗaya.
Yanzu in ka ce jariri ya kai kilo ashirin,
sai na'ura ta cije, ta ce: sake aunawa.
Rubutun ba kyau, duk faci ne.
Na ba ta cikakken maki.

Da dare na bi ta kan gada,
hayaƙin murhun itace ya kwanta a kan ruwa.
Shekara goma sha tara na yi wa banki aiki,
lambobi sun bi ta hannuna kamar yashi,
ban taɓa ɗaga ko ɗaya na leƙa ƙarƙashinta ba
in ga wa ke kwance.