Sule Uku a Ejinrin

Motar Epe ta ajiye ni da la'asar sakaliya
a gaban wani bene da tsatsa ta cinye wa kwano,
ƙafarsa ɗaya a tudu, ɗaya a cikin ruwa.
Allon ƙofa ya koɗe, sunan gidan sai a bakin mutane.

A baranda masunta na zagaya ƙoƙon bammi,
kumfa na sauka a gemun wani tsoho
mai labarin kifin da ya kuɓuce masa tun mulkin soja.
Na yi sallama, suka matsa mini benci.
Ni shayi aka kawo mini, ba wanda ya tambayi dalili.

Daga madafa hayaƙin kifi ke fitowa,
da barkonon da ke sa bango tari,
amala na tururi a faranti mai tsaga.

Mahaifina, Jatau mai goro, ya sauka nan
shekarar da kwalekwale ya kife da huhunsa goma sha biyu.
Ya fito daga shi sai wando da carbi.
Iya Ashabi ta buɗe masa ɗakin sama,
kwana tara yana ci, yana kallon ruwa, ba ya magana.
Da zai tafi ya ɗauki ƙusa
ya karce bashinsa da ajami a bayan ƙyaure.
Bai komo ba.
Sai ranar da harshensa ya yi nauyi ya faɗa mini.

Jikanta Kolapo ya haska mini da fitilar waya.
Sau bakwai ana yi wa ƙyauren nan fenti, in ji shi,
sau bakwai buroshi na kauce wa gurbin nan.
Ta ce hannun baƙo ne, kada a taɓa.
Mu mun ɗauka addu'a ce.

Na karanta: sule uku, Jatau.
Na zaro damin naira, hannuna na rawa.
Ya dubi kuɗin, ya yi dariya har da dafa bango:
Kawo sule, Alhaji, sule aka rubuta.
In babu, miyarka na hucewa.

Na kwana a gadon ƙarfe mai ƙorafi,
janareta ya yi tari ya mutu,
ruwa na ta lasar ginshiƙan gidan a ƙasa.
Da asuba na tsinci ƙusa a bakin taga.
Ƙarƙashin sunansa na karce nawa,
ban sa adadi ba.