Shayar da Ƙarfe

Bafur biyu na gada wajen kawuna,
dogaye, baƙaƙe, kamar ƙyauren zaure.
Shekara uku akwatin falona na jan su
kamar jaki ɗaya da amalanken ruwa
a hawan Birni:
yana tafe, amma da nishi.
In mota ta fashe a fim, sauti ya shaƙe.
In an yi raɗa, Fassuma ta ce, "Me ya ce?"

Barma na bakin kasuwar Dole ya ji kukana
yana narka dalma a cikin wata tsohuwar rediyo.
Bai ko ɗago ba.
"Akwatinka kai gare shi, ƙirji ne babu.
Bar masa tunani,
ka nemo masa ɗan dako."
Ya jawo ampili daga ƙarƙashin tebur,
ɗan gwanjo, ya sha teku, ya sha rana a Kwatano,
nauyinsa rabin buhun gero.
Jika tamanin. Na ce sittin. Ya ce albarka.
Muka rabu a saba'in,
na rungumo shi bisa kabu-kabu kamar ragon suna.

Ja ga ja, fari ga fari,
daga ramukan baya inda sauti ke fita jariri
kafin a goya shi.
Na tuna gargaɗin Barma:
shi ake kunnawa ƙarshe, shi ake fara kashewa,
kamar dattijo a gidan biki.
Ka ba shi iska, kar a ɗora masa ko da hula.

Na kunna.
Mmmmmm.
Zuma a cikin tulu. Ba fim, ba kiɗa,
gunaguni kawai, ba dare ba rana.
Na kira Barma. Ya yi dariya har da tari:
"Ba ka gaishe shi da ƙasa ba.
Kafa rodi, ja masa waya,
ka riƙa zuba wa wurin ruwa."

A Damagaram!
Inda taku uku ka haƙa, dutse ya ce salamu alaikum.
Wuri huɗu na gwada, guduma na dawo mini,
sai a na biyar, gindin lallen bayan ɗaki,
ƙarfen ya shige.
Ruwa kuwa, kwana tara famfo bai yi ko atishawa ba.
Fassuma ta tsaya, hannu a ƙugu:
"Awaki ba su sha ba, rodi zai sha?"
Na ba shi ragowar buta, a ɓoye,
kamar mai kiwon abin kunya.

Gunaguni ya mutu.
Shirun da ya bari ma sabo ne.

Daren Laraba wuta ta zo da ƙarfinta.
Ban murɗa sosai ba, Kiyari na makwabta bai da lafiya.
Wani fim ne na wata ƙasa mai ganye,
mutum biyu a rumfa, ba sa magana.
Sai tsawa ta taso daga nesa,
ba daga bafur ba, daga ƙarƙashin tabarma,
ta bi ƙashin baya.
Ɗigo ɗaya a kan kwano. Wani. Wani can hagu.
Kwaɗo a bayansu, wanda shekara uku yana nan
ban taɓa jin sa ba.

Fassuma tana madafa.
Na ji ƙarar roba, na ji gudu,
"Zuwaira, fito da bokitai!"
Na leƙa:
ga ta tsakar gida da baho a hannu,
fuska sama,
taurarin bazara sun cika ko'ina, ƙaƙas.
Ta kan katanga Kiyari ya ce, "Hadari ne?"

Ta daɗe a tsaye.
Ta shigo da bahon, ta kife, ta zauna a kai.
Na jira faɗa.
Ta ce, "Mayar da shi baya."

Da asuba na fito da butata,
na tarar gindin lalle a jiƙe.