Ƙanƙara a Dass

Mun riga mun yi wa damina bankwana.
Malam Gambo ya dubi sama ranar Laraba,
ya ce ruwa ya ɗauke, ya naɗe tabarmarsa,
ku shanya abinku, babu sauran ɗigo.
Sai muka shanya:
shinkafa buhu tara a falalen dutse,
wake a tsakar gida,
barkono a kan rufin kwano, ja wur kamar garwashi.

Da la'asar iska ta juya.
Ta bayan Dutsen Mbula ta ɓullo
da wani sanyi mai shiga haƙori.
Awaki ne suka fara sani,
suka dawo gida ba wanda ya kira su.
Lantana na cikin wanki ta ɗaga kai,
ta ce, Inna, dubi hadari!
Na ce ke dai yi wankinki, ai Gambo ya ce...
Ban rufe baki ba sama ta fara jifa.

Ba ruwa ba ne da fari, tsakuwa ce fara,
kwano na kuka, kaji na neman gindin rumbu.
Na kifa ƙwarya a ka, na ruga dutse,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a taɓo.
Ni da Lantana muna jan tampol,
iska tana ja ta nata gefen,
ta fi mu hannu.
Sannan ruwan ya biyo baya, ba ko kunya,
ya bi shinkafar wata huɗu yana lasa
kamar shi ya yi mata noma.

Shekaranjiya Haladu ya turo hoto
daga ƙasar karatunsa,
inda ya ce rana kan faɗi kafin la'asar ta yi sanyi.
Ya ce, Inna, tamu ƙanƙarar gari ce,
kamar an tankaɗe rogo daga sama,
ba ta ƙara, ba ta ciwo,
sai ka farka ka tarar ta kwana a bakin taga.
Na tuna da shi ina tsaye a jiƙe,
na ce tasu ta san sallama,
tamu kuwa da dutse take gaisuwa.

Na tsinci guda, ta kai ƙwan zabuwa,
na ce Lantana ɗauko waya, maza,
a nuna wa yayanki mu ma an ba mu.
Ta goge hannu, ta danna nan, ta danna can,
kafin ta gano inda ake ɗauka
ƙanƙarar ta zame ta bi tsakanin yatsuna.
Haka muka tura:
tafin hannu, da kanta, da ɗan ruwa a ciki.

Daren nan mun kwana da wuta a kasko,
an fito da barguna masu warin akwati.
Da safe gari ya waye garau, ba ko gajimare,
kamar yaron da ya fasa tulu ya wanke fuska.
Muka sake shanya abin da ya saura.
Gambo ya zo wucewa, rawani har kunne,
ya yi tari, ya ce ina kwana, bai dubi sama ba.

Can da hantsi waya ta yi ƙara.
Haladu ne. Inna, me ke cikin hannun nan?
Na ce sanyi ne, ɗana.
Kai ma ka riƙa sa riga biyu.